Faifan tafsirin kakanmu ya ƙi karantuwa, Yaya kuma ya ce na kashe masa kwamfuta

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim a Jigawa. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum. Kakanmu malami ne, ya daɗe yana tafsirin azumi a masallacin garinmu. A azumin 2010 wani ɗalibinsa ya naɗi karatun ya zuba a faifan CD guda goma sha biyu. Da Malam ya rasu, Baffa ya adana su a akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Ni na matsa masa ya ba ni, na ce zan mayar da su cikin waya kowa ya samu. Na ari laftof ɗin da Yayana ya bari a gida, shi yana aiki a Kano. Uku na farko sun kwafu lafiya. Na huɗu ya kai rabi ya cije, kwamfutar ta rubuto wani dogon Turanci wai akwai kuskure a bayanan. Na kwana ina sake gwadawa. Wani abokina ya ce in goge shi da makilin, na goge na mayar, abin ya ƙara dagulewa. Yanzu ko ukun da suka yi a baya, sai ta yi ta gurnani tana ƙas-ƙas, ta ce babu faifai. Amma idan na sa faifan fim na DVD yana yi. Yaya ya zo ƙarshen mako ya gani, ya ce na kashe masa kwamfuta, sai na biya. Baffa kuma kullum sai ya tambaye ni ina faifan Malam, ga azumi ya matso. Ban faɗa masa maganar makilin ba. Barci ya gagare ni. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatun da ya yi ya zame masa haske a makwanci. Kafin komai, ka cire duk faifan da ke cikin kwamfutar nan yanzu, ka mayar da sha biyun nan cikin gidajensu, kada ka sake sa ko ɗaya a cikinta har sai mun gama wannan magana. Na san hannunka yana ƙaiƙayin "bari in gwada sau ɗaya kawai". Wannan sau ɗayan ne ya kwanar da kai a zaune.

Abin da ya hana ka barci guda biyu ne ka ɗaure su da igiya ɗaya, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne. Makarancin faifai na laftof ƙaramin abu ne, ana cire shi a sa wani, a yawancin laftof ma ƙusa ɗaya ce tak ke riƙe da shi ta ƙasa. Kwamfutar Yayanka ba ta mutu ba, tana kunnuwa, tana aiki, har fim tana nunawa. Muryar Malam kuwa babu kasuwar da ake sayar da ita. Don haka zan fi daɗewa a kan faifan, kuma ina so kai ma ka jera damuwarka haka.

Niyyarka kuwa daidai ce, har ma zan ce ta zo a makare. Faifan da ake zubawa abu a gida ko a shago, wanda ake kira CD-R, ba irin na kamfani ba ne. Na kamfani da injin matsi ake buga bayanansa a jikin roba. Na gida kuwa wani siririn rini ne a cikinsa, hasken lesa ke ƙona shi ɗigo-ɗigo, waɗannan ɗigogin su ne rubutun. Rini kuma ka san halinsa, ko a jikin atamfa rana da zafi suna cinye shi. Ka tuna inda faifan nan suka zauna tun 2010: akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rufin kwano, a garin da zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, sannan damina ta zo da laima. Da ka bar su a akwatin, da a hankali za su ci gaba da dushewa ba wanda ya sani, sai ranar da aka ɗauko a tarar babu komai. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani idan ka je gaban Baffa.

Yanzu mu nemo mai laifi. Idan kwamfuta ta ƙi karanta faifai, zargi a kan uku yake: faifan kansa, makarancin, ko Windows. Na ukun mu sallame shi da wuri. Idan matsalar daga Windows ce, yawanci makarancin kan ɓace gaba ɗaya daga jerin ma'ajiyoyi, ko ka ga alamar ruwan ɗorawa a kansa a shafin da ake kira Device Manager, da lambar kuskure kamar 19 ko 39. Maganin wannan shi ne a cire shi daga jerin a sake kunna kwamfuta ta gano shi da kanta. Naka yana nan yana kunna fim, saboda haka ba nan ciwon yake ba.

Jimlar da ta fi kowace daraja a wasiƙarka ita ce wadda ka jefa kamar ba komai ba: DVD yana yi, CD ba ya yi. Mutane da yawa ba su san cewa makarancin nan fitilun lesa biyu gare shi ba. Ɗaya ta CD ce, haskenta na nanomita 780 (ma'aunin da ake bambanta launin haske da shi ke nan), idon mutum kusan ba ya ganinsa. Ɗayar ta DVD ce, ja, nanomita 650. Kowace da nata tsufan. Ɗaya tana iya raunana ɗayar tana nan garau, kamar mai babur da fitilar gaba ta mutu ta baya na ci. Sannan faifan gida bai kai na kamfani mayar da haske ba, balle wanda ya tsufa. Fitila mai rauni ta haɗu da faifai mai dusashewa, ga kuma ƙura a kan ido, wato ɗan gilashin da hasken ke fita ta cikinsa, dole a ji gurnani. Wannan ƙas-ƙas da kake ji, idon ne yake hawa da sauka yana neman inda zai kama rubutun ya kasa.

Gwaji biyu za su raba gardama, kuma ba sa cin ko sisi. Na farko, ka nemo faifan CD na kamfani mai lafiya, mai ƙyalli fari kamar azurfa, irin wanda ke zuwa cikin kwalin firinta. Ka sa a laftof ɗin, ka tabbata ka danna shi a kan ƙusar tsakiya har ya ce ƙyas, don na laftof idan bai zauna daram ba ba ya karantuwa. Idan shi ma ya ƙi, to makarancin ne ba shi da lafiya. Na biyu, ka ɗauki ɗaya daga cikin ukun da ka riga ka kwafa, tun da ko ya sami matsala kana da abin da ke ciki, ka kai shagon buga takardu a Ringim a gwada a wata kwamfuta. Idan ya buɗe a can, ka sami labari mai daɗi: faifan Malam suna da rai, makarancin Yaya ne ya gaza. A yadda ka ba da labari, nan na fi zato.

Akwai kuma wani abu da nake zargi, kuma zai ɗan sosa maka rai. Ka ce bayan makilin ne har ukun farko suka daina yi. Faifai yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Idan ka mayar da shi da danshi ko da ragowar makilin a gefensa, ba abin mamaki ba ne ya watsa a kan idon. Idan haka ne, abin ya zo da sauƙi, domin ido mai datti ana wanke shi. Ka buɗe tiren, ka kashe kwamfutar, ka zare caja. A laftof idon a fili yake a jikin tiren, wani ɗan gilashi kamar ƙwayar dawa. Ka fara kaɗe ƙura da ɗan famfon iska na masu gyaran waya ko agogo, ba da baki ba, don numfashi yana ɗauke da yawu. Sannan ka sami tsinken auduga na goge kunne, ka ɗan taɓa shi da sifirit irin na masu gyaran waya, ya yi laima kawai kada ya jiƙe, ka shafa a hankali kamar mai cire tsinke daga idon jariri. Idon a kan wasu siraran wayoyi yake reto, idan ka danna ka karya. Ka bar shi ya bushe minti goma. Ko ba makilin, laftof da ya sha hunturu bayan hunturu a ƙauye, ga hayaƙin itace, ga turaren wuta na ɗakin mata, idonsa yana da dalilin yin hazo. Idan ka san hannunka yana rawa, ka kai wa mai gyara, aikin minti biyar ne.

Game da faifan kuwa, ka ɗauki kowane ta gefe, ka ɗaga shi ga hasken taga ka duba. Kowa yana tattalin ɓangaren da ke ƙyalli, amma a CD ɓangaren sama da ake rubuta suna da alƙalamin maka ya fi hatsari. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, kusan duka roba ce, rubutun kuma yana can sama, daf da bayan, wani siririn fenti kawai ya rufe shi. Karce a ƙasa yana karkatar da haske ne, bayanan suna nan, ana iya gyarawa. Karce ko ɓarewa a sama kuwa ya tafi da bayanan ke nan. Idan ka ga haske yana ratsowa ta wasu ƙananan huji kamar tsinin allura, ko gefen ya sauya launi, wannan wurin ya tafi, kuma ba hannunka ne ya yi ba, shekaru ne. Wanda ka ga datti ko shatin yatsa kawai, ka wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, ka ɗauraye, ka tsane da tattausan ƙyallen auduga. Gogewar daga ramin tsakiya zuwa baki ake yi, miƙe, kamar wayoyin ƙafar keke. Kada ka bi da'ira. Rubutun faifai layi ɗaya ne da ya nannaɗe daga ciki zuwa waje, tsawonsa ya haura kilomita 5. Karcen da ya gitta layin, makaranci yana da dabarar cike gurbinsa. Wanda ya bi layin a kwance kuwa yana shafe dogon zango a jere, dabarar ta ƙare. Ina kyautata zaton da'ira ka bi da makilin ɗin, kusan kowa haka yake yi. Fetur, kananzir, tina da ruwan goge jan farce, kada ko ɗaya ya kusanci faifai, wasunsu cin robar suke yi.

Abokinka ba ƙarya ya yi maka tsagwaronta ba. Makilin yana da ɗan gari-gari mai goge abu, wani lokaci yana lafar da ƙaramin karce a ƙasan faifai. Dabara ce ta faifan fim da za ka iya sayen wani gobe. A kan abin da babu na biyunsa, garin neman gira ake rasa ido.

Wannan dogon Turancin da ta rubuto maka, wanda masu gyara ke taƙaitawa da CRC, ma'anarsa kwamfutar ta karanta wani yanki, ta auna shi da lissafin da aka ajiye tare da shi, ta ga bai yi daidai ba. Windows idan ta ci karo da haka takan tsaya cak. Ba yana nufin duk faifan ya lalace ba. Tun da kwafa kake yi kai tsaye, kuma tafsirin wata guda ya shiga faifai sha biyu, da alama fayilolin MP3 ne. To ka daina ɗibar su gaba ɗaya. Ka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi ka rubuta sunansa ka tsallake. Karatun rana ɗaya da ya maƙale kada ya hana ka na sauran ranakun. Ka kuma saurari ukun da ka ce sun kwafu, daga farko har ƙarshe ko da tsallake-tsallake ne, ka duba girmansu. Idan ka ga fayil mai ƙarewa da cda kuma girmansa bai wuce kilobait 1 ba, ba sautin ka kwafa ba, alamarsa ce kawai. Irin wannan faifan sai an tatso shi da manhaja kamar Windows Media Player.

Inda nake so ka yi sauran aikin shi ne a wani makarancin daban, ba na Yaya ba ko da ya warke. Na'urorin karanta faifai sun bambanta ƙwarai, abin da wannan ya kasa wancan sai ya karanta sumul, kuma manyan na kwamfutar tebur sukan fi siraran na laftof haƙuri da tsohon faifai. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka je shagon da ke da kwamfutar tebur a Ringim ko Dutse, ka biya kuɗin zama. Ko a sayo makarancin waje mai shiga ta USB, ana samu a Kano wajen Farm Centre ko titin Beirut. Idan wannan ne, ka sa laftof a caji yayin aikin, domin ƙarancin wuta kaɗai yana sa shi ƙas-ƙas. Ko wacce ka bi, ka fara da faifan da suka fi lafiya, na huɗun nan ya zama na ƙarshe. Kuma kada ka bar wa kowa faifan ya ce ka dawo gobe. Ka zauna a gabansa. Ba don mutane macuta ne ba, don a wurinsa faifai ne kamar kowane, zai iya kifa shi a kan tebur ya ɗora kofin shayi. Fayilolin da suka ƙi, ka tambayi mai shagon ko ya san manhajar IsoBuster, ko ta ddrescue idan kwamfutarsa da Linux take aiki maimakon Windows. Waɗannan ba sa tsayawa don kuskure, suna kwashe abin da ya karantu su tsallake ramin. A sauti, ramin daƙiƙa biyu ɗan tsalle ne kawai za a ji, Malam ya ci gaba da fassara.

Akwai wata ƙofa da ban ga ka ƙwanƙwasa ba. Ɗalibin da ya naɗi karatun, yana ina? Wanda ya zuba faifai sha biyu da wuya a ce saiti ɗaya ya yi. Wataƙila yana da nasa, wataƙila asalin yana cikin tsohuwar kwamfutarsa ko kasakasai, wataƙila ya ba wasu ɗaliban Malam. Baffa ne zai san inda yake, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka daina ɓuya.

Mu zo kan Baffa ke nan. Ka sa kanka a wurinsa. Mahaifinsa ne. Shekara da shekaru yana gadin akwatin nan, ɗan ɗan'uwansa ya zo ya lallashe shi ya karɓa, yanzu kuma yaron yana sauya hanya idan ya hango shi. Tambayar da yake maka kullum ta tsoro ce, kuma shirunka ke ƙara mata wuta. Abin da yake hasashe ya fi abin da ya faru muni, ƙila yana zaton sun ɓata ko sun karye. Ka same shi bayan isha'i, lokacin da zaure ya watse, ka tafi da faifan duka da wayarka. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka fara kunna masa karatun da ka ceto, ya ji muryar mahaifinsa tana fita daga waya. Sannan ka ce: "Baffa, uku sun fita. Na huɗu ya ba ni wahala, na yi gaggawa na goge shi da makilin ban tambayi masu sani ba, ina tsoron na ƙara masa lahani. A yafe mini. Sauran takwas suna nan yadda aka ba ni, ga su." Kada ka fara da bayanin rini da zafin kwano, zai ji kamar kana ɗora masa laifin ajiya, alhali ya yi iyakar abin da ya sani. Wannan bayanin ya zo daga baya, a matsayin dalilin da ya sa ya kamata a hanzarta. Zai iya yin faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha. Idan ka san Baffa mai zafi ne, ka fara gaya wa Gwaggo ko mahaifiyarka su share maka hanya, amma maganar makilin daga bakinka za ta fito. Idan ya ce a mayar masa da kayansa, ka mayar, ka roƙi ya raka ka shagon ko ya haɗa ka da wanda ya yarda da shi.

Yaya kuma yana da gaskiyarsa. Ya bar abu yana aiki, ya dawo ya tarar ba ya yi, kuma laftof a wurin ma'aikaci jari ne. Ba zan wanke ka tas ba: kwana guda kana tilasta wa makaranci faifan da ya ƙi yana gajiyar da shi, ga kuma batun makilin. Sai dai lafiyayyen makaranci ba ya mutuwa a dare ɗaya, kuma laftof da har yanzu yake da wurin faifai, da alama ya kwana biyu a duniya, tun da yawancin sababbi sun daina zuwa da shi. Kada ka tsaya musun wannan da shi a waya. Ka yi gwajin, ka wanke idon, sannan ka kira shi da sakamako a hannu. Idan ya warke, magana ta mutu. Idan bai warke ba, ka ce masa: "Yaya, kwamfutar lafiyarta ƙalau, makarancin faifai ne ya raunana a hannuna, zan sauya maka shi." Kai ka fara furtawa, kada ka jira ya sake nema. Na hannu ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin laftof, sai dai a tafi da tsohon a gwada, domin kauri biyu ne, akwai milimita 12.7 akwai 9.5. Ko ka ba shi zaɓi, a sayi na USB ɗin, ka gama aikin Malam da shi, ya zama nasa. In kuɗi ne babu a hannu, ka faɗi lokacin da za ka iya, ko bayan kaka ne. Ka kuma tura masa karatun rana ɗaya ta WhatsApp ba tare da wani dogon bayani ba. Kakansa ne shi ma.

Duk abin da ya fita, kada ya kwana a wuri ɗaya. Faifan CD megabait 700 yake ɗauka, sha biyu ko sun cika maƙil ba su kai gigabait 9 ba. Filash mai 16 zai ɗauke su, Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, ma yana ba da 15 kyauta, sai ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi ka ɗora. Filash da memori su ma suna mutuwa ba sallama, don haka ɗaya a wurin Baffa, ɗaya a wurin Yaya a Kano, ɗaya a intanet, sauran dangi kuma kowa a wayarsa. Ka sa wa kowane fayil suna da ranar azumi da surar da aka karanta. Faifan kuwa su koma wurin Baffa, kowane a gidansa, a tsaye, a ɗakin ƙasa mai sanyi nesa da rana.

Ka rubuto mini abin da faifan kamfanin nan ya yi a laftof ɗin, da abin da ka gani da ka ɗaga na huɗun ga haske. Idan babu huji a samansa, akwai masu injin goge ƙasan faifai, sai mu yi maganar wannan bayan ka kwashe sauran takwas.